Lidar: awon nesa da hasken leza, masu ƙera ta da masu sayenta

Lidar na'ura ce da ke auna nisan abu ta hanyar harba masa hasken leza, sannan ta lissafa lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo. Sunan taƙaitaccen suna ne daga Turanci, kuma haka ake rubuta shi a Faransanci. Ƴar'uwar radar ce, sai dai radar da igiyar rediyo take aiki, ita kuwa lidar da haske. Tun da hasken leza siriri ne ƙwarai, lidar tana iya bambance wayar lantarki da reshen itacen da ke kusa da ita daga cikin jirgin sama, abin da radar ba ta cika iyawa ba.

A shekaru 20 da suka wuce farashin wasu nau'o'inta ya faɗi daga dala dubu 75 zuwa ƙasa da dala 200. Wannan shi ne labarin da ya fi yawo a kafofin yaɗa labarai, amma rabin labarin ne. Kasuwar lidar kasuwa biyu ce a haɗe: ta motoci, mai hayaniya da arha da karyewar kamfanoni, da ta masana'antu da awon ƙasa, wadda ba a cika jin ɗuriyarta ba, kayanta kuma har yanzu da tsada.

Yadda take aiki

Haske yana gudun kusan kilomita dubu 300 a sakan ɗaya. Idan abu yana nisan mita 300, hasken zai je ya dawo, wato ya ci mita 600, a cikin kashi 2 cikin miliyan na sakan. Aikin na'urar shi ne ta riƙe agogon da zai iya ƙirga irin wannan ɗan lokaci ba kuskure. Kuskuren kashi 1 cikin biliyan na sakan yana jawo kuskuren santimita 15 a awo.

Harbi ɗaya ɗigo ɗaya yake bayarwa. Na'urar tana harbi sau dubu ɗaruruwa, wasu ma sau miliyoyi, a kowane sakan, madubi kuma yana juya hasken dama da hagu, sama da ƙasa. Abin da ke fitowa tarin ɗigo-ɗigo ne, kowane da tsawonsa da faɗinsa da tudunsa, wanda masu aikin a ƙasashen renon Faransa ke kira nuage de points. Idan a jirgi aka ɗora ta, sai an haɗa ta da GPS da wata na'ura mai lura da karkatar jirgin, don a san daidai inda take a lokacin kowane harbi.

Akwai abu ɗaya da ya sa masu awon ƙasa suka rungume ta. Idan aka harba haske a kan kurmi, wani sashe yana dawowa daga ganyen sama, wani daga rassa, wani kuma yana kutsawa ta ƴan kafofi har ya taɓa ƙasa. Kwamfuta sai ta share itatuwan ta bar ƙasar tsirara. Ta haka ne a 2018 aka sanar da gano gine-gine fiye da dubu 60 na al'ummar Maya a ƙarƙashin kurmin arewacin Gwatemala.

Me ake nufi da dogon zango

Amsar ta danganta da wanda aka tambaya. Lidar ɗin da Apple ya saka a iPad Pro da iPhone 12 Pro a 2020 ba ta wuce kusan mita 5. A wurin masu ƙera motoci, dogon zango shi ne mita 200 zuwa 300. A wurin mai awon rami a mahaƙar ma'adinai kilomitoci ne: na'urar VZ-6000 ta kamfanin Riegl na Ostiriya tana kaiwa kilomita 6. Masana sararin samaniya kuwa tun 1969 suke harba leza zuwa madubin da ƴan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye a kan wata, mai nisan kusan kilomita dubu 384, hasken ya dawo bayan sakan biyu da rabi.

Wahalar nisa ita ce hasken da ke dawowa yana raguwa da sauri. Idan nisa ya ninka biyu, abin da ke dawowa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Launin abu ma yana da tasiri: farin bango yana mayar da mafi yawan hasken, baƙar taya ko mai baƙaƙen tufafi kuwa kusan kashi 10 cikin 100 kawai. Saboda haka kamfanin da ya ce na'urarsa tana ganin mita 500, bai faɗi a kan wane irin abu ba, bai faɗi komai ba tukuna.

Za a iya ƙara wa lezar ƙarfi, amma idon mutane ya sa iyaka. A nan masu ƙera ta suka rabu gida biyu. Wasu suna amfani da haske mai zangon nanomita 905, wanda ake kamawa da silikon, abu mai arha da ake ƙera wa wayoyi da kwamfutoci da shi. Matsalarsa shi ne yana ratsa ido har can ciki inda gani yake, don haka dole a rage masa ƙarfi. Wasu kuma, kamar Luminar na Amurka da Seyond mai sayar wa kamfanin motocin NIO na Sin, sun zaɓi nanomita 1550, wanda ruwan gaban ido ke shanyewa kafin ya isa ciki. Ana iya ƙara masa ƙarfi sosai, ya ga nesa, sai dai kayan haɗinsa suna da tsada. A kasuwar motoci arha ce ke rinjaye zuwa yanzu.

Akwai kuma dabara ta uku, inda na'urar ke sakin haske ba yankewa tana sauya masa zango a hankali, ta kwatanta wanda ya fita da wanda ya dawo. Wannan yana ba da nisa da gudun abu a lokaci guda, kuma hasken rana ba ya rikita shi sosai. Kamfanonin Aeva da Aurora na Amurka a kanta suka dogara.

Daga Hughes zuwa Shanghai

Theodore Maiman ne ya haɗa leza ta farko a 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Kalifoniya, ba a jima ba kuma aka fara gwada ta wajen awon nisa. A 1971 kumbon Apollo 15 ya auna tudu da kwarin wata da ita. Shekaru da dama bayan haka kayan sojoji ne da masana yanayi da ƴan kamfanonin awon ƙasa.

Abin da ya fito da ita fili shi ne gasar motoci marasa direba da hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ta shirya. David Hall, mai kamfanin Velodyne da ke ƙera lasifika, ya shiga gasar 2005 da wata na'ura mai juyawa a kan rufin mota. A gasar 2007 mafi yawan motocin da suka kai ƙarshe da na'urarsa suka yi aiki, mai leza 64. Ita ce aka riƙa sayarwa kusan dala dubu 75, fiye da miliyan 40 na sefa, kuɗin da ya wuce na motar da ke ɗauke da ita. Na farko da ya saka lidar a motar da ake sayar wa jama'a da yawa shi ne Valeo na Faransa, a cikin Audi A8 ta 2017.

Tsakanin 2020 da 2022 kamfanonin lidar da dama na Amurka da Isra'ila suka shiga kasuwar hannun jari, masu zuba kuɗi suka yi ta rububi, a bisa zaton motoci masu tuƙa kansu sun kusa cika tituna. Ba su cika ba. A 2022 Ibeo na Jamus da Quanergy na Amurka suka karye. A watan Fabrairun 2023 Velodyne, wanda ya buɗe kasuwar, ya narke a cikin Ouster.

Waɗanda suka ci ribar su ne kamfanonin Sin. Hesai na Shanghai da RoboSense na Shenzhen, dukansu an kafa su a 2014, tare da Huawei da Seyond, sun samu abin da abokan gogayyarsu suka rasa: masu saye na gida. Kamfanonin motocin lantarki na Sin suna gasar saka lidar a motocin talakawa masu matsakaicin ƙarfi, ba don motar ta tuƙa kanta ba, sai don ta taimaka wa direba da birki da riƙe hanya. Hesai shi kaɗai ya fitar da na'urori fiye da dubu 500 a 2024, ya kuma sanar da wata da ba ta kai dala 200 ba, wato jika ɗari da ƴan kai. Cibiyar Yole da ke Lyon, mai bin diddigin wannan kasuwa, ta nuna kamfanonin Sin suna riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na lidar ɗin motoci. Siyasa ta shigo ciki: a watan Janairun 2024 ma'aikatar tsaron Amurka ta saka Hesai a jerin kamfanonin da take zargi da alaƙa da sojan Sin, kamfanin ya musanta ya kai ƙara kotu.

Har yanzu ba a daina gardama a kan ko mota tana buƙatar lidar ba. Elon Musk na Tesla ya dage kamara ta isa. Waymo, mai tasi marasa direba a biranen Phoenix da San Francisco da Los Angeles, ya haɗa lidar da radar da kamara. Lissafin dai a fili yake: motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a sakan, tana buƙatar kusan mita 100 kafin ta tsaya, tirela mai lodi kuma fiye da haka nesa. Shi ya sa Aurora, wanda a 2025 ya fara jigilar kaya da tirela mai tuƙa kanta tsakanin Dallas da Houston, ya fi kowa nacewa a kan dogon zango.

Kasuwar da ba ta hayaniya

Ɗaya kasuwar tana hannun tsofaffin kamfanoni: Riegl, Leica Geosystems na Suwizalan, Trimble na Amurka, Teledyne Optech na Kanada, SICK na Jamus. Ba sa sayar da na'urori miliyan. Suna sayar da kaɗan, a kan dubun-dubatar dala ko ɗaruruwan dubbai, ga masu saye da suka san abin da kuskuren santimita 5 zai jawo musu. Galibi ma mai buƙata ba ya sayen na'urar, kamfanin awo yake ɗauka haya, ya biya a kan kowace kadada ko kilomita.

A mahaƙar ma'adinai aikinta na yau da kullum lissafi ne. Tsibin dutse ko yashi ko gawayin ƙasa da a da sai safiyo ya hau kansa da sanda, yanzu ana zagaya shi da na'ura cikin mintoci, a san mita nawa ne. Ana kwatanta awon wannan wata da na watan jiya, a san abin da aka haƙa, a biya ɗan kwangila daidai. Duk gwamnatin da ke karɓar haraji a kan abin da aka tono, wannan lissafin ya shafe ta kai tsaye. Aiki na biyu shi ne tsaron rai. Na'urar dogon zango tana tsayawa a gefe ɗaya na rami, tana auna bangon da ke can ƙetare a kai a kai, don a ga ko ya fara motsi. Tun da madatsar dagwalon ma'adinai ta Brumadinho a Birazil ta fashe ranar 25 ga Janairun 2019, ta kashe mutum 270, kamfanoni suka ƙara kashe kuɗi a kan irin wannan sa ido, da lidar da radar tare. A yankin Pilbara na Ostireliya manyan tifofin Rio Tinto suna yawo ba direba. Kusa da mu, mahaƙar zinariya ta Syama a kudancin Mali an tsara ta da motocin Sandvik masu tuƙa kansu a ƙarƙashin ƙasa, inda GPS ba ya kaiwa, sai dai leza ta riƙa lalubar bangon rami.

Lantarki daga iska shi ne fannin da Faransa ta yi fice. Kafin banki ya ba da bashin gina tashar farfeloli irin ta Taiba Ndiaye a Senegal, sai an auna iskar wurin aƙalla shekara guda. A da sai an kafa hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100. Yanzu akwai akwati da ake ajiyewa a ƙasa, ya harba leza sama, hasken ya dawo daga ƙurar da iska ke ɗauke da ita, daga sauyin da ya samu a gane gudun iskar har tsawon mita 200 ko 300. Kamfanin Leosphere na Faransa ya yi suna da irin wannan akwati mai suna WindCube, kafin Vaisala na Finlan ya saye shi a 2018. Da irin wannan dabara filin jirgin saman Hong Kong ke gano iskar da ke juyawa ba zato a kan hanyar saukar jirage.

A fannin mai da gas, iskar methane tana shanye haske mai zangon kusan nanomita 1650. Idan ƙaramin jirgi ya bi bututu yana harba irin wannan haske ƙasa, duk inda hasken ya dawo a raunane akwai yoyo. Kamfanin Bridger Photonics na jihar Montana da wannan yake cin abinci. Kamfanonin lantarki kuma suna bin manyan wayoyinsu da jirgi mai saukar ungulu, su ga inda waya ta yi lanƙwasa ko itace ya matso ta. Duk wani abu mai tsawo da ke ratsa daji, hanya ko layin dogo ko bututu, irin aikin da lidar ta fi dacewa da shi ke nan, kuma yankinmu ba ya rasa su: bututun Doba zuwa Kribi kilomita 1,070 ne, na Agadem zuwa gaɓar tekun Benin kuma kusan 2,000.

Jirage marasa matuƙi sun sauko da wannan kasuwa ƙasa kaɗan. YellowScan da ke kusa da Montpellier da DJI na Sin suna sayar da lidar mara nauyi da ƙaramin jirgi zai ɗauka, har ƙaramin ofishin safiyo yana iya mallakar ta.

Ƙurar Bodele

Sahel ta daɗe da shiga tarihin lidar, ko da yake a matsayin abin da ake aunawa. A 2006 masu bincike na Amurka suka girke tashar awon yanayi a Yamai tsawon shekara, har da lidar mai kallon sama, a lokacin babban binciken damina na Afirka ta Yamma da ake kira AMMA. A wannan shekarar aka harba tauraron CALIPSO, na haɗin gwiwar NASA da hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, wanda ya yi aiki har 2023. Da awonsa ne wani bincike na 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma kowace shekara, kusan tan miliyan 28 kuma yana sauka a kurmin Amazon, yana kai masa taki. Ɗaya daga cikin manyan tushen ƙurar Sahara shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, tsohon gindin tafki, wanda shi ne kuma ke turo mana hazon hunturu.

Taswirar tudu da kwari

A ganina, a nan ne amfaninta ya fi kusa da mai karatu. A 2020 kogin Kwara ya cika ya mamaye unguwannin Yamai, musamman na ƙetaren gada. A 2022 Shari da Logone suka yi wa Njamena da Kuseri haka. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri. Duk garuruwa ne shimfiɗaɗɗu, inda bambancin rabin mita shi ke raba gidan da ruwa zai ci da wanda zai tsira.

Taswirar tudu da aka fi samu kyauta ta wurare da yawa a Afirka ta samo asali ne daga awon radar da kumbon Endeavour ya yi a watan Fabrairun 2000. Kowane ɗigo nata yana wakiltar fili mai faɗin mita 30, kuskurenta a tudu yana kai mitoci, kuma saman rufi da itatuwa take aunawa. Da irin wannan ba a iya cewa ga inda za a ja magudanar ruwa, ko ga filin da bai kamata a yanka wa mutane ba. Lidar daga jirgi tana sauko da kuskuren zuwa kusan santimita 10.

Holan, wadda wani sashenta ke ƙasa da teku, ta fara auna ƙasarta kaf da lidar tun shekarun 1990, tana kuma maimaitawa. Faransa ta fara nata shirin, LiDAR HD, a 2021, a ƙarƙashin hukumar taswira ta IGN: ɗigo 10 a kowace murabba'in mita, a kan kuɗi kusan yuro miliyan 60, wato kimanin biliyan 39 na sefa. Abin lura shi ne sakamakon kyauta ne ga kowa, daga magajin gari har ɗalibi. Ƙasa kamar Nijar ko Cadi ba ta buƙatar auna hamada duka. Manyan birane da bakin koguna ƙaramin kaso ne na wannan fili. Inda ake yin asara shi ne a yi awo da kuɗin wani aiki na masu ba da tallafi, aikin ya ƙare, bayanan su tafi da kamfanin da ya yi shi, bayan shekara biyar wata ma'aikata ta sake biyan kuɗin auna wuri ɗaya. Kwangilar da ba ta ce ɗanyen awon mallakar hukuma ba ne, a kuma ajiye shi a hukumar taswira ta ƙasa, an yi ta da saura.

Iyakarta

Haske ba ya ratsa hazo da ruwan sama mai ƙarfi da ƙura kamar yadda igiyar radar ke yi. Zangon da aka rubuta a takardar na'ura a sararin sama garau aka auna shi, galibi a Turai ko Sin. A tsakiyar hunturu, ranar da ba a hango ƙarshen titi, zangon yana raguwa sosai, ƙurar kuma tana cika awon da ɗigon ƙarya. Zafi ma yana gajiyar da lezar da batir. Mai shirin awo a Sahel sai ya zaɓi lokacinsa: bayan ruwa ya janye, ciyawa ta bushe, kafin hazo ya yi kauri. Lidar ta yau da kullum ba ta ganin ƙarƙashin ruwa. Akwai mai koren haske da ke ratsa ruwa, amma sai garau, ba jan ruwan damina ba. Ba ta kuma ganin ƙarƙashin ƙasa, duk da abin da wasu dillalai ke gaya wa masu neman zinariya.

Sai batun izini. Tashi da jirgi maras matuƙi yana buƙatar takardar hukumar sufurin jiragen sama, a yankunan da ke fama da rashin tsaro kuma sai da amincewar jami'an tsaro, wani lokaci ma ba a bayarwa sam. Awon yini ɗaya yana iya cika faifan kwamfuta, tace shi kuma yana cin kwanaki. Manhajoji irin su QGIS da CloudCompare kyauta ne, bayanan IGN da na tauraron ICESat-2 na NASA ma a buɗe suke a intanet, don haka ɗalibin labarin ƙasa a Yamai ko Ngaundere ko Njamena yana iya koyon tace tarin ɗigo-ɗigo tun bai taɓa riƙe na'urar a hannunsa ba.